Gombe: Yadda Masu Rumfuna Ke Fama Da Iskar Gabas

Matafiyin da ya taso daga Bauci ya nufi Gombe, bayan ya ci tafiyar kusan mil 100, ya wuce filin jirgin sama na Lawanti ya iso Tumfure, zai ga hanya ta fara gangarawa da shi, garin kuwa yana shimfiɗe can ƙasa kamar an zuba shi cikin ƙwarya. Tudu ne ta yamma, ta gabas kuma ga duwatsun Liji sun tokare. Daga nesa rufin kwano ne ke ɗaukar ido, amma da zarar mota ta kutsa cikin gari sai rumfuna su karɓe. Ga ta mai shayi, ga ta mai facin taya, ga ta mai kayan miya, ga lemar mai POS, ga kuma manyan rumfunan haya da aka tare titi da su domin ɗaurin aure. Wata shuɗiya, wata koriya, wata kuwa rana ta cinye launinta har ba a iya faɗin yadda take tun asali. Duk wanda ya lura zai ga babu ko ɗaya daga cikinsu da ke tsaye haka kawai. Kowace an ɗaure ta, ko an danne ta, ko an jingina ta da wani abu mai nauyi, domin a garin nan akwai wata abokiyar gaba da kowane mai rumfa ya san da zamanta, watau iska, wadda Fulanin garin ke kira hendu.

Gombe ta yanzu ba tsohon gari ba ne in aka gwada ta da Kano ko Katsina. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa hedkwatarsa, can bakin kogin Gongola. Turawa ne suka mai da gidan sarauta Nafaɗa a 1913, sa'an nan a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka taso zuwa Doma, inda garin yake a yau. Abin da ya raya wurin kuwa ciniki ne. Auduga ta bunƙasa a shekarun 1950, jirgin ƙasa ya iso a 1963, manyan hanyoyi suka haɗu a nan daga Bauci da Dukku da Potiskum da Biu da Yola. Ran 1 ga watan Oktoba na 1996 aka ƙirƙiro Jihar Gombe, garin ya zama babban birninta, jama'a suka yi ta kwararowa. To, a irin wannan gari rumfa kan riga kanti zuwa. Mutum ya sauka da ɗan jarinsa, ba shi da halin kama shago, sai ya nemi ƙafa goma a bakin hanya ya kafa sanduna huɗu ya yafa wani abu a kai. Attajirai da dama ta haka suka faro. Saboda haka maganar ɗaurin rumfa ba ƙaramar magana ba ce a nan, maganar tuwon gidaje ce masu yawan gaske.

Iskar Gombe ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da irin ɓarnarta. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne ke busowa daga arewa maso gabas da ƙura da hazo. Ba kasafai yakan ka da rumfa ba, sai dai ya yini yana kaɗa ta, yau da gobe, har ɗinki ya sassauta, igiya ta bushe ta yi rauni. Da bazara, in rana ta take, guguwa kan taso a fili ta yi ta juyi, ta bi ta tsakiyar 'yan tireda ta ɗauke lema ɗaya ko biyu ta wuce, yara suna bin ta da ihu. Wannan ma da sauƙi. Babbar fitina tana zuwa ne daga watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da damina ke neman sauka, sa'an nan ta sake leƙowa wajen Satumba da Oktoba in ruwa zai ɗauke. A yini a cikin zafi da gumi, ganye ko motsi ba ya yi. Can wajen la'asar sai gabas ta yi baƙi, ta bayan Liji, wani lokaci kuma ta yi ja saboda ƙura. Kafin ɗigon ruwa ya sauka iska ce ke fara isowa, kuma farkonta shi ne mafi muni. Sau da yawa ma ruwan ba ya zuwa, holoƙo ne kawai, ya yi ɓarnarsa ya bar mutane da ƙasa a baki.

Masana yanayi sun tabbatar da abin da tsofaffi suka daɗe da sani, cewa irin wannan hadari a Afirka ta Yamma daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, ko da yake iskar damina ta yau da kullum daga kudu maso yamma take zuwa. Shi ya sa magina na da suka fi ba bangon gabas kulawa wajen yaɓe. Mai rumfar da ya san abin da yake yi shi ma gabas yake fara dubawa kafin ya haƙa ramin farko.

A da can rumfar zana aka sani, wadda Fulani ke kira danki. A kafa dirkoki masu gwafa, a gitta itace ko gora, a shimfiɗa zanar gamba a kai a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba. Tana da aibinta, domin ba ta tare ruwan kirki, gara tana cin ta, ga kuma tsoron gobara, wanda shi ne ya sa hukumomin kasuwanni ba su son ta. Amma ta fuskar iska ba a yi kamarta ba. Zana duk ƙofofi ce, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, ba ta samun abin da za ta kama. Haka nan bukkar Fulanin daji, gajeriya ce kuma zagayayya, iska ta bi ta kanta ta wuce. Da tamfol ya zo, da farko na manyan motoci da wanda ake rufe buhunan gyaɗa da auduga, daga baya kuma na leda mai araha, sai aka sami maganin ruwa aka sayi wata sabuwar wahala. Tamfol ba ya barin ko numfashi ya ratsa shi. Duk iskar da ta zo a jikinsa take ƙarewa. Yanzu har da buhunan taki da na shinkafa ake farkewa a ɗinke su wuri guda, har da manyan hotunan 'yan siyasa na roba, waɗanda in zaɓe ya wuce sukan koma rufin mai tsire ko mai gyaran babur. Wani ɗan takarar ma sai a lokacin ne talaka ke shan inuwarsa.

Yana da kyau mai karatu ya san girman ƙarfin da ake magana a kai. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa, ba sau biyu ba. Iska mai gudun kilomita 36 a awa, wadda ke girgiza rassan itace, tana danna kowace murabba'in mita da nauyin wajen kilo 6 in ta same ta gaba da gaba. In gudun ya kai kilomita 72, abin da farkon hadari kan iya kaiwa, nauyin ya haura kilo 20. Tamfol mai tsawon mita 6 da faɗin mita 6 murabba'in mita 36 ke nan. In iska ta sami shiga ƙarƙashinsa ta cika shi, tana iya ɗaga shi da ƙarfin da ya wuce kilo 700, watau nauyin buhun siminti 14. Wanda ya ɗora bulo ɗaya a gindin kowace ƙafa ya koma ya zauna, ashe bai yi kome ba tukuna.

Amma kafin a kai ga ɗagawa akwai kaɗawa, kuma ita ce mafarin kowace ɓarna. Tamfol in ya yi sako-sako, iska ta ɗaga tsakiyarsa ta sake shi, ya faɗo, ta sake ɗagawa, sai a ji yana fal-fal kamar ana kakkaɓe tabarma. Kowane bugu fizga ce a kan zoben da igiya ta ratsa, da kan ɗinki, da kan turke. Fizga ɗaya ba kome ba ce, amma a yini guda sai a yi dubbai. Zobe ya fara fita, ɗan rami ya buɗe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da hadari ya zo daga wannan ɗan ramin zai kama ya keta tamfol ɗin gida biyu. Ga kuma damuwar ƙarar kanta. Mai ciniki ba ya jin abokin cinikinsa, mai wa'azi yana gasa da rufin da ke kansa, ƙurar da ta taru a sama kuma tana zubowa cikin garin mai awo da naman mai balangu.

In ana son ganin gwanayen ɗauri sai a je Tudun Hatsi, babbar kasuwar hatsi ta garin, inda ake tara masara da wake da dawa da gero ana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu. A nan tamfol ba inuwa kaɗai yake bayarwa ba, dukiya yake tsarewa, domin buhun waken da ruwa ya taɓa ya tashi daga kuɗinsa. 'Yan dako da yaran mota sun gaji wani ɗauri da ya kamata kowane mai rumfa ya koya. Sukan yi ɗan zarge a tsakiyar igiya, su zagaya bakinta ta ƙugiyar mota ko ta turke, su dawo da shi ta cikin zargen, sa'an nan su ja ƙasa. Da haka yaro ɗaya yake tamke igiyar da ƙato biyu ba za su iya tamkewa da hannu ba, kuma in ta saki da yamma ana iya ƙara mata ja ba tare da an kwance kome ba. Ba su yarda da ɗaure kusurwa huɗu kaɗai. Sukan jefa igiya ta bisa tamfol daga wannan gefe zuwa wancan, biyu ko uku, su danne cikinsa, don kada ya sami wurin kumbura.

Wata dabarar kuma ita ce ta tsakuwa. Maimakon a huda tamfol, ko a dogara ga zoben da kamfani ya sa wanda ba ya jure wata uku, sai a sami ɗan dutse mai santsi kamar ƙwan zabo, a naɗe shi da bakin tamfol ɗin, a shaƙe wuyansa da igiya. Jan ya watsu a wuri mai faɗi, ba ya taruwa a rami ɗaya. Sai kuma robar cikin taya, wadda masu faci ke yankawa sili-sili suna sayarwa. Wanda ya sa guntun roba tsakanin igiya da turke ya yi wa rumfarsa babban gata, domin in iska ta fizga roba ce ke miƙewa ta shanye fizgar, ta dawo da tamfol wurinsa a tamke. Igiya zalla ba ta da wannan haƙuri, ko ta tsinke ko ta tumɓuke turke. Abin sha'awa shi ne, a Ingila da Amurka da Ostareliya, inda mutane ke jan ɗaki mai taya a bayan mota su tafi yawon hutu, rumfar da ke jikin ɗakin ita ma wannan ciwo take fama da shi. Kamfanoni suna sayar musu da maƙalai masu cije gefen rumfar, da ɗamara mai ƙarfen da ke miƙewa ya dawo, da turaku masu murɗawa cikin ƙasa. In aka duba da kyau aikin tsakuwa da roba ne aka sa wa kwali da farashi.

Turke ma da iliminsa. Ƙasar Gombe a unguwanni da yawa rairayi ce mai saurin zaizayewa, shaida kuwa ga manyan kwaruruka nan da suka ratsa gari, waɗanda gwamnati ta daɗe tana kashe kuɗi wajen ɗaure bakinsu da kankare. Turken da aka kafa a tsaye cikin irin wannan ƙasa, da ruwan farko ya jiƙa ta sai ya zare kamar an zare tsinke daga tuwo. Gwanaye sukan kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da rumfa, su bar tazara tsakaninsa da dirka kamar tsawon ita dirkar. Inda rairayi ya yi yawa sai su haƙa rami, su ɗaura igiya a tsakiyar guntun itace ko tsohuwar taya, su binne a kwance su tattake. Wannan sai dai igiya ta tsinke, amma ba ya fita. Sa'an nan sukan sa gefen gabas ya fi kowane gefe ƙasa, don iska ta hau ta bisa maimakon ta shiga ta ƙarƙashi, su bar mata mafita ta yamma. Karkatar tana da wani amfanin, domin ruwa ba ya kwanciya a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tamfol ɗin da ya yi ciki yana iya tara abin da ya fi jarka biyar kafin mai shi ya farga.

Inda abin ya fi ban tsoro shi ne wajen rumfunan haya, waɗanda ake kira kanofi. Ranar Juma'a da Asabar, daga Jekadafari zuwa Bolari, daga Herwagana zuwa Tudun Wada da Pantami, da wuya a bi unguwa ba a tarar da an kafa su ba, ko don ɗaurin aure, ko walima, ko zaman makoki. Ƙafafunsu bututun ƙarfe ne mara nauyi, rufinsu kuwa faɗi gare shi, ga shi yanzu titunan unguwanni da yawa an zuba musu kwalta, babu inda za a kafa turke. Yaran mai haya su zo da sassafe su harhaɗa, su ɗora dutse ɗaya ɗaya, su tafi wani gidan bikin. Wasu har sukan ɗaura igiya a jikin falwayar lantarki. In iska ta ɗaga irin wannan rumfa ba yagewa take yi ba, tashi take yi ɗungurungum da ƙarafunta, ta faɗa kan mota, ko kan wayar wuta, ko kan mutane, kuma yawancin waɗanda ke ƙarƙashinta tsofaffi ne da ƙananan yara da ba su iya gudu. Bayan ƙura ta lafa sai a shiga jayayya, mai biki ya ce kafin ne bai yi kyau ba, mai haya ya ce ikon Allah ne, a biya shi ƙarfensa da ya lanƙwashe.

Gaskiya ikon Allah ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sa'an nan ka yi tawakkali. Masu hayar da suka san mutuncin sana'arsu sukan zo da buhunan yashi ko jarkokin ruwa, su rataya su da igiya daga saman kowace ƙafa yadda nauyin zai ja rumfar ƙasa, ba a ajiye shi a gefe don ado ba. In rumfuna da yawa ne a jere sukan ɗaure ƙafar wannan da ta waccan su zama abu guda. Mafi muhimmanci kuma, a watannin hadari sukan bar yaro ɗaya a wurin, aikinsa kawai ya riƙa duban gabas. Da ya ga ta haɗe sai ya je wurin mai gida ya ce, "Baba, a yi haƙuri a tashi, za mu sauke." Zare tamfol daga kan ƙarfe bai fi aikin 'yan mintoci ba, kuma ƙarfen da ba shi da rufi iska ba ruwanta da shi. Wahalar ita ce samun mai gidan da zai yarda a tashi manyan baƙi ana tsakiyar cin abinci. Nan ne kunya kan jawo asara. Ya kamata ƙungiyoyin masu wannan sana'a da masu unguwanni su mai da saukewar ta zama ƙa'ida da kowa ya sani tun ranar da aka biya kuɗin haya, don kada nauyin faɗa ya rataya a wuyan yaro.

Masu lema su ne suka fi kowa saurin hukunci, wataƙila don su ne suka fi kowa shan wahala. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara, to mai lema ɗan'uwansa ne. A bakin Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa da Tashar Dukku za a ga yadda suka yi wa abin dabara. An cika tsohuwar taya ko bokitin fenti da kankare, an dasa guntun bututu a tsaka, nan ake soke sandar lema, a huda a sa ƙusa don kada ta zare. Duk da haka ba mai jiran hadari da lema a buɗe. Da iska ta canja, ta zo da ɗan sanyi da ƙamshin ƙasa, sai a ga layi guda ya rufe kamar an yi musu umurni, kowa ya rungumi na'urarsa da jakar kuɗinsa ya nemi barandar kanti.

Akwai kuma maganin da ya fi igiya da turke, sai dai ba a sayen sa a kasuwa ranar da ake bukata. Tsofaffin unguwanni da harabar makarantu da ofisoshi inda aka dasa darbejiya tun da daɗewa, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, iska ba ta isa ƙasa da cikakken ƙarfinta, kuma mai sana'a a gindin itace sau da yawa ba ya ma bukatar rumfa. Sababbin unguwannin da suka bazu bayan 1996 kuwa, an sare itatuwa an yanka filaye, ba abin da ke tsakanin hadari da rufin mutane. A 2019 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka fi sani da 3G, da nufin dasa miliyan ɗaya kowace shekara, kuma ana ganin wasu a gefen manyan tituna. Dashe abu ne mai kyau, amma raino shi ne aikin, domin akuya da rani ba su san da shirin gwamnati ba. Da za a ba kowane mai rumfa a bakin titi amanar itace ɗaya da ke kusa da shi, ya riƙa zuba masa ruwan da ya wanke kofuna da shi, da an sami masu gadi da ba sai an biya su ba.

Baƙon da ya kwana a Gombe daren da aka yi irin wannan iska, in ya fita da safe zai tarar da wata kasuwar ta buɗe kafin kowace. Masu walda suna miƙe bututun da suka lanƙwashe, masu faci suna yanka roba, masu igiya sun baje kaya. Masu ɗinkin tamfol kuwa, da manyan kekunansu da zaren roba, layi ake yi musu. Sukan duba yagar su faɗa wa mai ita inda ta faro, kusan kullum daga zobe ne ko daga wurin da tamfol ya daɗe yana gugar kan dirka. Sai su ninka bakin su ɗinke da igiya a ciki, su ƙara ƙyalle a kusurwoyi, su ba shi shawara ya kifa tsohon gwangwani ko guntun taya a kan kowace dirka kafin ya mayar. Wanda ya zo da wuri yakan koma ya kafa kafin rana ta yi zafi, wanda ya makara kuwa ranar a gindin bango zai yi cinikinsa.